Yadda Muka Sauko da Don Froilán

Ranar Litinin ce ta farkon Disamba. Gari ya waye gajimare ya sauko ya kwanta a kan teku, ba a ganin jirgin ruwa ko ɗaya a tasha, sai dai a ji kukansu. Irin wannan safiya ba ta daɗewa a Valparaíso. Kafin sha biyu rana za ta buɗe, da yamma kuma iskar kudu ta zo ta kwashe shanyar mutane ta raba wa maƙwabta.

Ina tsaye a bayan motar gas ina buga ƙarfe a jikin tukwane don mutanen tudu su san mun iso, sai budurwata Yasna ta kira ni a waya.

Aikin gas shi ne na shida tun da na bar makaranta. Na wanke kifi, na yi fenti, na yi gadin motoci, na yi wata uku a gidan burodi, na sayar da batir a cikin bas. Ba kullum ne ake korata ba. Wani lokaci ni ne nake tashi da safe in ji ƙafata ba ta son zuwa wurin. Yasna kuwa shekara biyar tana abu ɗaya, karatun jinya, kuma ranar Juma'a da ƙarfe sha ɗaya za a kira sunanta a ba ta takardar shaida.

"Babana zai zo ranar Laraba," in ji ta. "Ka nemo masa masauki. Kwana uku."

"An gama."

"Nibaldo, ban gama magana ba."

"Ina jin ki."

"Wuri mai tsabta, ba hayaniya, kuma kusa. Kusa, ka ji? Saniya ta taɓa harbinsa a gwiwa, ba ya iya doguwar tafiya."

"Kusa. An gama."

"A danginmu kaf ba wanda ya taɓa karɓar takarda a gaban jama'a. Ina so idan an kira ni in ɗaga kai in gan shi a layin gaba. Abin da nake so ke nan, ba ƙari." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ka sani, an ba ni aiki a asibitin nan, an ba ni a na garinmu. Ban ba kowa amsa ba tukuna."

Ban tambaye ta me amsar take jira ba. Na gane. Mutum mai aiki shida irina ba ya bukatar a yi masa bayani.

Da muka tashi daga aiki na fara yawo. Na soma da ƙasa, shimfiɗaɗɗen ɓangaren gari, inda ofisoshi da kasuwa suke. Otal na farko yana bayan tashar jiragen ruwa. Mutumin da ke bayan kanta bai ɗago kai daga jaridarsa ba.

"Awa nawa?"

"Kwana uku."

Sai ya ɗago, ya dube ni daga sama har ƙasa da wani irin girmamawa.

"Mu nan ba mu taɓa samun mai kwana uku ba," ya ce.

Na fita.

Na biyu yana kusa da tashar bas. Tsabta ƙal, zanin gado fari, ba ko mataki ɗaya daga titi zuwa ɗaki, kuma layi biyu ne tsakaninsa da zauren da za a yi bikin Yasna. Matar wurin ta ba ni makulli na shiga. Na ja labule, na buɗe taga, na ga bango. Bangon garejin gyaran mota ne, da zanen taya a jiki. Na rufe tagar na mayar mata da makullinta.

Dole a fahimci wani abu. A tudunmu idan aka ce wane ya samu gida, innata ba ta tambayar ɗaki nawa ne, sai ta ce, "Me yake gani?" Ɗakin da ba ya ganin teku a wurinmu ɗakin ajiya ne. Nan ake sa tsohon keke da kwalabe. Ba a sa uban yarinyar da kake so a ciki.

Washegari na hau tudun baƙi, inda aka zane bangaye da launuka, Turawa suna ɗaukar hoton kyanwa. Na shiga wani otal, yarinyar da ke bayan kanta ta fara yi mini Turanci, sai ta ga hannuna ta ce ƙofar masu kawo gas tana baya. Na ce ɗaki nake nema. Ta nuna mini hoton karin kumallo: madara a wani ƙoƙo kamar na shan magani, an barbaɗa mata tsabar tsuntsaye. Mutumin da ke da shanu goma sha tara ba za a ajiye masa wannan da safe ba.

Da yamma na tarar da Kawu Erasmo, wan innata, yana zaune a ƙofar gidanmu yana cin burodi da fiya.

"Ka kai shi Viña mana," ya ce, yana nufin garin da ke maƙwabtaka da namu. "Can ƙasa a kwance take. Mutanen ma haka."

"Kawu, ni zan kai baƙona Viña?"

"Gwada ka nake yi. Da ka ce to, da na cire sunanka daga dangi."

Shi ne ya tuna mini da Doña Ofelia. Gidanta yana can ƙarshen matakalar da ke maƙwabtaka da tamu, mai rufin kwano shuɗi. Mijinta direban jirgin da ke jawo manyan jirage ne, da ya mutu sai ta fara ba da hayar ɗakuna uku. Na je. Ƙasan ɗakin katako ne, an goge shi har kana ganin fuskarka. Shiru kuwa ba a magana, don mota ba ta zuwa wurin: ta gaba matakala ce, ta baya kwazazzabo. Na lissafa wannan cikin alherin gidan. Sannan ta buɗe taga. Teku ne gaba ɗaya, daga wannan ƙahon zuwa wancan, da jirage tara, da injunan ɗaga kaya, da rufin duk garin a ƙarƙashin ƙafarka.

"Baƙon naka tsoho ne?" in ji ta.

"Sittin da wani abu."

"Yaro ne ai."

Ita shekarunta saba'in da tara, kuma sau biyu take sauka sayen burodi a rana, don ba ta cin na safe da yamma.

Saura batun kusa. Ban yi wasa da shi ba. Na sauka dandalin da ke gindin tudu, inda tasi ke ajiye mutane, na duba agogo, na hau. Minti huɗu. Na sake gwadawa don kada in yi wa Yasna ƙarya. Minti huɗu ba ƙari. Mutumin da ke hawa da tukunyar gas a kafaɗa tun safe, idan ya hau hannu rabbana ji yake kamar ana tura shi. Akwai taragon da ake ja da igiyar ƙarfe a ɗaya gefen tudun, amma an rufe shi don gyaran wata shida shekara huɗu ke nan, ba wanda yake sa shi a lissafi.

Na kira ta na ce an samu. Ta ce kusa ne? Na ce minti huɗu daga inda tasi ke tsayawa. Ta ce ta gode, da wata murya da ban saba ji ba.

Ranar Laraba muka tarbi baban Yasna, Don Froilán, a tashar bas. Ƙaton mutum ne mai jan wuya, da malafa, da sanda, da akwati mai taya. A hammatarsa akwai wani dunƙulen cuku kamar tayar babur, an naɗe shi da farin ƙyalle, tsarabar innata. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana dubana yadda ake duban ɗan maraƙin da aka ce ba ya zama a garke.

Tasi ta ajiye mu a dandali. Ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Ina masaukin?"

"Ga shi can, Don Froilán. Mai shuɗin rufi."

Ya bi yatsana da ido, yana ɗaga kai, yana ɗagawa, har malafarsa ta faɗi ta baya. Yasna ta ɗauko masa ba tare da ta daina kallona ba. Ita a ƙasa take haya da 'yan ajinsu, gidanmu kuma tasi na zuwa har ƙofa ta hanyar sama, shi ya sa ba ta taɓa zargin komai ba.

"Baba, mu nemi wani wuri," ta ce.

"An riga an yi wa matar gidan magana?" in ji shi.

"An yi," na ce.

"To ba a ajiye mace tana jira."

Ya ɗora ƙafa a matakin farko ya ce, "Ɗaya." Na ɗauka wasa yake yi. Ashe haka yake da komai: shanu, buhuna, ramukan shinge, sai ya ƙirga da ƙarfi. Ni an haife ni a tudun nan, ban taɓa jin wani ya ƙirga matakala ba. A wurinmu matakala ba nisa ba ce. Hanya ce kawai da ta tashi tsaye.

A mataki na talatin tayar akwatin ta cire, na ɗora shi a ka. A na sittin ya daina amsa gaisuwar mutane. A na ɗari da goma sha biyu ya ajiye cukun a gefe don ya share gumi. Ƙyallen ya kwance. Cukun ya tsaya a kan gefensa kamar yana shawara, sannan ya kama hanya. Yana dira yana tashi, mataki bibbiyu, daga baya hurhuɗu. Karnuka uku suka bi shi, kafin ya kai kwana sun zama bakwai. Muka tsaya muna kallo har ya ɓace.

"Wata takwas ina juya shi kowace safiya," in ji Don Froilán. Ya mayar da hankicinsa aljihu. "Ɗari da goma sha uku."

Minti arba'in da biyar muka yi. A bakin ƙofar Doña Ofelia ya ce, "Ɗari da tamanin da bakwai," ya shiga, ya zauna a kujerar da ke gaban taga. Bai ce komai game da tekun ba. Ni ma ban tambaya ba.

Safiyar Alhamis gwiwar ta kumbura ta yi kamar kankana. Yasna ta danna nan, ta danna can, ta naɗe ta, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce sati guda kada ya ɗora mata nauyi. Sannan ta ja ni waje ta rufo ƙofa.

"Gobe, sha ɗaya, layin gaba," ta ce a hankali. "An manna sunansa a kujera. Ni dole in kasance can tun tara don jera mu za a yi. Yadda ka hau da shi, ka san yadda za ka sauko da shi."

"An ga—"

"Idan ka ce an gama sai na tura ka ka bi cukun nan."

Ban je aiki ba ranar. Na zauna da shi a gaban taga ina jiran Kawu Erasmo.

"Wancan jirgin me ya ɗauko?" in ji shi.

"Kwantena."

"Me ke ciki?"

"Ba wanda ya sani."

"Hm. An ce aiki shida ka yi."

"Shida."

"Ni ɗaya." Ya gyara ƙafarsa a kan matashi. "Me ya sa ka zaɓi nan?"

"Saboda tagar."

Ya daɗe yana kallon waje. Wani ƙaramin jirgi yana tura babba da hanci.

"Taga ce mai kyau," ya ce. "Da a ƙasa take da ba ta da laifi."

Kawu Erasmo ya yi shekara talatin yana dako a tashar jirage. Yanzu shi ne shugaban mutum huɗu da ake kira a tudunmu idan akwai abin da ba zai sauka da ƙafarsa ba. Firji, injin wanki, sau ɗaya fiyano. Amma yawancin aikinsu gawa ne, don tsofaffin tudu ba sa yarda su mutu a ƙasa. Ya shigo ya gaisa, ya zagaya Don Froilán sau ɗaya.

"Kilo nawa, maigida?"

"Ɗari da takwas."

"Da takalmi?"

"Ba takalmi."

"To kujera ba za ta yi ba. Ƙyaure za mu cire." Ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. "Wannan katakon jirgi ne, zai ɗauki biyunku. A kwance, ƙafa gaba."

"Ƙafa gaba na matattu ne."

"Idan kai ya yi gaba jini zai taru a ciki, kafin mu kai rabi kun manta sunan 'yarku."

"Firji fa, yaya kuke yi da shi?"

"A tsaye. Amma firji ba ya motsi, kuma ba ya ba da shawara."

Don Froilán ya dube shi. "Kun taɓa yar da wani?"

"Ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Aka tsayar da goma saura kwata. Minti ashirin saukowa, goma a tasi. Har da rarar lokaci.

Juma'a rana ta fito tun da wuri, ba gajimare ko ɗigo. Don Froilán ya sa baƙar kwat ɗinsa, ita ke nan gare shi. Bai runtsa ba saboda ciwo, sai da asuba ya haɗiye ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Muka kwantar da shi a kan ƙyauren, Kawu ya ɗaure shi da igiya a ƙirji da cinya. Doña Ofelia ta ce igiyar ba ta da kyan gani, ta rufe shi da bargo mai ruwan toka. Ta tsinko jajayen furanni daga gwangwanayenta don a kai wa Yasna, kuma da yake ba mai hannun riƙewa, ta ɗora masa a ƙirji ya haɗa hannu biyu a kai. Da muka fito rana ta doke shi a ido, ya ce in rufa masa malafa a fuska. Na rufa.

Mu da muka shirya shi ba mu ga komai ba. Kowane abu da dalilinsa.

Mutum huɗu suka ɗauka. Ni na wuce gaba da farar rigata ina korar karnuka, kaina a sunkuye don ina duba inda mataki ya karye. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, su Kawu tafiya ɗaya suka iya da kaya a kwance. Taku, tsayawa, taku. Na juya na ce, "Kawu, a ɗan ƙara sauri." Bai amsa ba. Ba sa magana a ƙarƙashin kaya, doka ce tun daga tasha.

A dandamali na farko, inda matakala ke ɗan shimfiɗewa, wani tsoho da ke ba tsuntsunsa ruwa ya miƙe ya cire hula. Na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga masa hannu. Sai na ji ana buɗe tagogi. Sai na ji takalma.

A matakalunmu ba a barin gawa ta sauka ita kaɗai. Ko ka san mamacin ko ba ka san shi ba, in dai kana gida za ka sa takalmi ka bi har dandali, kuma ba a magana sai an kai ƙasa. Na san wannan tun ina goye. Na bi na mutane sun fi ashirin. Amma sai da na waiga na ga mutum goma sha biyu a bayanmu, hannu a haɗe, sannan na kalli ƙyauren da idonsu.

Na matsa kusa da matar da ke gaba, Doña Chela mai ɗinki.

"Yana da rai," na raɗa mata.

Ta kama hannuna ta matse. "A zukatanmu, ɗana."

"A'a, da gaske nake. Don Froilán, ku ce wani abu."

Shiru. Ƙwaya biyu da lilon ƙyaure sun yi aikinsu. Barci yake yi, irin na mutumin da ya gaji da gaske, ko minshari babu. Na kai hannu zan ɗaga malafar, Kawu ya harare ni, don na tsaya a inda zai sa ƙafa. Na koma gaba.

A dandamali na uku akwai wata gwauruwa da ke fito wa masu ɗauka da ruwa tun shekarar da aka sauko da mijinta. Ba a wuce ta. Suka tsaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kafa musu kofi a baki, kaya na kafaɗa. Ta ba ni ni ma, a matsayin dangi. Na sha. Goma da minti ashirin.

Wayata ta fara rawa a aljihu. Na duba, Yasna ce. Na san abin da za ta tambaya: kuna ina? Na ce a raina gara ta gan mu da idonta, in ta ga babanta a kujerarsa ba sai na yi bayani ba. Na bar ta tana rawa. Sau shida ta yi.

Abin da ban sani ba, labari ya fi kaya saurin sauka. Doña Chela tana da jika a ajin su Yasna. Kafin ta sa takalmi ta kira yarinyar ta ce baƙon Ofelia ya cika da asuba, mutumin kudu, an ce 'yarsa ajinku take, ki lallaɓa ki gaya mata.

Sha ɗaya saura minti biyar muka taka dandali. Na ƙirga daga baya, mutum arba'in da uku ne suka biyo mu, ban da karnuka. Su Kawu suka ɗora ƙyauren a kan bencin siminti. Sai ga tasi ta tsaya, Yasna ta fito da fararen kayanta na jinya, an yi mata gyaran gashi. Ba ta yi gudu ba. Jama'a suka buɗa mata hanya. Ta zo ta tsaya, ta dubi furannin, ta dubi hannayen, ta ɗaga malafar.

Ya buɗe ido ɗaya.

"Mun iso?"

Ta ɗora yatsu biyu a wuyansa, ta dubi agogonta, ta ƙirga minti guda cur. Karatun shekara biyar ba ya tafiya a banza. Sannan ta mayar masa da malafar a ƙirji, ta dube ni.

Tsohon nan mai tsuntsu ya ce, "To," ya mayar da hularsa. Wata mata ta ce ita tukunya ta bari a wuta. Doña Chela ta zo ta yi wa Don Froilán barka, ta ce ya yi kyau ƙwarai, ba ta taɓa ganin wanda kwat ta karɓa haka a kwance ba. Suka fara hawa suna hira.

Tasi ba ta iya ɗaukarsa ba, don ƙafar ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Muka gwada ta gaba, muka gwada ta baya. Muna cikin haka sai na ji ana buga ƙarfe a jikin tukwane. Motarmu ce ta gas, da wani sabon mutum a inda nake tsayawa. Maigidana ya leƙo.

"An ce mini ba ka da lafiya."

"Shi ne ba shi da lafiya," na ce.

Ya dubi ƙyauren, ya dubi Yasna, ya ce a ɗora. A hanya ya gaya mini kada in zo ranar Litinin, ko wata Litinin. Muka ratsa gari da Don Froilán a kwance tsakanin tukwane, Yasna zaune a kan ɗaya tana riƙe da furanni.

Sha biyu saura kwata muka isa. Bisa haruffa ake kiran sunaye. Sunan gidansu Aedo, ita ce ta biyu a jeri. An ce sau biyu aka kira ta, aka ɗan jira, aka wuce. Da Zúñiga ne sunan babanta da mun samu, don muna shiga ana tafa wa wata Zúñiga.

Don Froilán ya ce a kai shi kujerarsa duk da haka. Ni da maigidana da mai gadi muka kai shi layin gaba, ya cire takardar da ke ɗauke da sunansa ya ninke ya sa a aljihu, ya zauna. Jama'a suna fita ɗaukar hoto. Masu shara suka fara tattara kujeru, suka zagaye shi suka bar tasa.

Wata mata daga ofis ta zo ta ce wa Yasna ba komai, takardar tana nan, ta zo ranar Litinin ta karɓa ta taga.

"Ba na nan ranar Litinin," in ji Yasna. "Ku aika mini garinmu, Cauquenes."

Ina tsaye taku biyu daga wurin. Ba ta rage murya ba, ba ta kuma ɗaga ba.

A otal ɗin nan na kusa da tashar bas ya kwana, mai kallon bangon gareji. Ni na sauko masa da akwatinsa. Da safe ya ce bai taɓa barci mai daɗi irin wannan a birni ba.

Kafin su shiga bas ya riƙe hannuna kamar ranar farko.

"Kawunka ya iya aiki," ya ce. "Ka gaishe shi. Ka ce wa innarka cukun mai kyau ne, ta tambayi karnuka." Ya saki hannun. "Ɗari da tamanin da bakwai ne. Ka riƙa ƙirgawa."

Yasna ta taimaka masa ya hau, ta dawo bakin ƙofa.

"Na ce maka kusa."

"Minti huɗu ne. Sau biyu na gwada."

"Na sani," ta ce. "Na san ba ƙarya ka yi mini ba."

Direba ya yi ham, ta shiga.

Da yamma ni da Kawu muka mayar da ƙyauren Doña Ofelia. A hanya na fara ƙirgawa, amma wajen sittin wani ya gaishe ni, lissafin ya ɓace.

Abin da aka rasa a wannan mako: cuku ɗaya na wata takwas. Tayar akwati ɗaya. Ƙusoshin ƙyaure biyu, da har yau ba a gani ba. Bargo mai ruwan toka, an manta shi a motar gas. Tukunyar wake ɗaya ta ƙone a dandamali na biyu. Aikina na shida. Kiran suna ɗaya, da aka yi sau biyu. Yasna.